Harafi ɗaya ya jawo min jan biro: fiancé ne ko fiancée?

Autar Mama ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu Turanci ku agaza min, lokaci ya ƙure.

Ina kan kammala kundin digirina na biyu, saura kwana 9 in miƙa. Babi biyar ne, kuma malamar da ke duba aikin ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Babi na 4 kaɗai sau uku tana dawo min da shi kafin ta ce ya yi. Da na ga na haye, sai na zauna da daddare na rubuta shafin godiya, wanda a tunanina babu shafin da ya kai shi sauƙi. Na gode wa Allah, na gode wa iyayena, da ita malamar, da ƙawata da ta ara min kwamfutarta lokacin da tawa ta mutu ana tsakiyar aiki. Layin ƙarshe kuwa na ajiye shi ne don wanda zan aura, don tsakani da Allah ya yi ƙoƙari. Shi ya shigar min da amsoshin mutum 312 cikin kwamfuta, dare uku bai yi barcin kirki ba. Na rubuta "and to my fiancee", na bi da sunansa.

Washegari ta dawo min da shafin. Babu gyara ko ɗaya sai a wannan layin. Ta ja jan layi a kan e na ƙarshe, ta rubuta a gefe cewa in dai mai sunan nan namiji ne, e ɗaya ta ishe shi. Har da ɗan zanen murmushi ta ƙara, abin da ban taɓa gani daga gare ta ba cikin shekara biyu. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni duk a zatona bambancin rubutun Amurka da na Ingila ne, irin su color da colour. Na ɗauki mai e biyu ne kawai don ya fi cika min ido, kuma na ga ya yi kama da employee da trainee, waɗanda ake faɗa wa mace da namiji. Da na kira shi na ba shi labari, sai ya yi shiru, can ya ce ai shi ma makon jiya ya tura wa shugabansa na wurin aiki saƙon neman hutu, ya rubuta "my fiancé" da e ɗaya, ni yake nufi. Ashe musanya muka yi ba mu sani ba. Ba a ma maganar wayata, wadda duk lokacin da na fara rubuta kalmar sai ta mayar min da ita finance.

Abin da nake son sani: da gaske ne harafi ɗaya ke raba mace da namiji a nan, ko dai tsantsenin malamar ne? In da gaske ne, me ya kawo haka, alhali Turanci bai damu da jinsi ba a su friend da cousin da teacher? A baki ana bambanta su? Sannan ɗan karan nan da ke kan e, dole ne? Na gode.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, da farko Allah ya sanya alheri, ya sa a yi da mu. Malamarki ta yi gaskiya, kuma ta yi miki gata da ta kama shi kafin a ɗinke kundin. Fiancé namiji ne, fiancée mace ce. Babu ruwan Amurka ko Ingila a ciki, ƙamus ɗin ƙasashen biyu duk haka suka kawo.

Dalilin kuwa shi ne kalmar ba 'yar gida ba ce, baƙuwa ce daga Faransanci. Turawan Ingila sun aro ta a tsakiyar ƙarni na 19, suka ɗauko ta da kayanta gaba ɗaya, ba su sauya mata ko riga ba. A Faransanci akwai aikatau fiancer, wato ƙulla alkawarin aure tsakanin mutum biyu. Daga gare shi ake fitar da sifar wanda aikin ya faɗa wa. In namiji ne sai a ce fiancé, in mace ce a ƙara e a ƙarshe. Wannan e ɗin ita ce alamar tamace da ta fi yawa a nahawunsu, kamar yadda suke cewa petit ga ƙaramin yaro, petite ga ƙaramar yarinya.

Shekara da shekaru ina koyar da wannan, kuma na lura Bahaushe ya fi Bature saurin kama shi, in dai aka nuna masa ta ƙofar da ta dace. Ai mu ma abin da muke yi ke nan kullum. Zaɓa, zaɓaɓɓe, zaɓaɓɓiya. Sani, sananne, sananniya. Ba za ki taɓa cewa "zaɓaɓɓiyar mijina" ba, kunnenki ma ba zai bari ba. To abin da kika rubuta wa malamarki ke nan, sai dai da harshen da kunnenki bai saba jin kuskurensa ba. Wani abin sha'awa kuma, in kika bi kalmar har tushe, za ki tarar da tsohuwar kalmar Faransanci fiance, ma'ana amana ko alkawari, ita kuma daga Latin fidere, yarda da mutum. Daga wannan saiwa confidence da fidelity da affidavit suka tsiro. Ke nan in da za a ce in kawo kalmar Hausa da ta fi kusa da ginin kalmar, ba ma'anarta ta yau ba, sai in ce amintacce da amintacciya. Ita kuwa finance da wayarki ta maƙale wa, ba dangi ba ne ko na nesa. Tushenta finis ne, wato ƙarshe, don a da biyan bashi ake nufi, a kawo ƙarshen magana. Sai ki ja wa wayar kunne.

Batun employee da trainee da kika kawo, ba wauta kika yi ba, nan ne tarkon yake. Wannan ɗafa-ƙeya ta ee ita ma daga waccan é ta Faransanci ta fito, amma ta daɗe da shigowa. Bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu na ɗaruruwan shekaru, kalmomi irin su lessee suka shigo ta bakin lauyoyi. Da tafiya ta yi tafiya Turanci ya cinye ee ɗin, ya mayar da ita tasa, ya cire mata jinsi, yana liƙa ta duk inda ya ga dama: payee, trainee, interviewee. Har furucinta ya koma "ii". Ita fiancée a makare ta zo, lokacin da masu ilimin Ingila ke tinƙaho da iya Faransanci, don haka aka bar ta yadda take. A ido sun yi kama, amma ɗaya ta zama 'yar gari, ɗaya har yau da takardar baƙunta take yawo.

Kin ce Turanci bai damu da jinsi ba. A yau haka ne, amma tsohon Turanci jinsi uku gare shi, kamar Jamusanci na yanzu, ya zubar da su a hankali tun ɗaruruwan shekaru. Abin da ya rage sai he da she, sai 'yan kalmomi tsiraru, sai kuma irin waɗannan na aro. 'Yan uwan fiancée su ne blond da blonde, divorcé da divorcée, protégé da protégée, né da née. Ta ƙarshen kin sha ganinta a tarihin mutane, inda ake rubuta sunan mace na gidan miji, sai née, sai sunan gidansu.

A baki kuwa, furuci ɗaya ne. Ba'amurke ya fi cewa fi-yan-SEI, yana danna ƙarshe, mutumin Ingila ya fi cewa fi-YON-sei, yana danna tsakiya, amma kowannensu yadda ya faɗi na namiji haka zai faɗi na mace. Ko a Faransancin ma furucinsu ɗaya. Abin da ke ceton su shi ne kalmar mallaka da ke gaba, mon fiancé da ma fiancée, kamar yadda muke cewa angona da amaryata. Shi kuwa my na Turanci kurma ne, ba ya nuna komai. Na sha jin masu cewa fiyansi in mace suke nufi don su raba, ni dai ban koyar da haka ba.

Ɗan karan kan e aikinsa ya gaya miki a furta wannan e ɗin. In babu shi, mai karatu zai iya ɗaukar ta kamar e ɗin dance ko France, wadda ba a furtawa. Jaridu da yawa suna jefar da shi, ba a kuma kashe kowa ba. Amma a kundin digiri ki sa shi. Kuma a kan e ta farko yake zama, ba ta biyu ba.

Baƙon Sanyi ya amsa:

Malam ya gama magana ta fuskar ilimi, ni bari in ƙara da abin da idona ya gani. Shekara 14 ke nan ina zaune a Amurka, kuma ta wannan kalmar matata ta shigo ƙasar, don haka na rubuta ta har na gaji.

Akwai biza da suke kira K-1, wadda ɗan ƙasa ke nema wa wanda zai aura ko wadda zai aura daga waje. Fom ɗin da ake cikewa I-129F ne. In an ba da bizar mutum ya shigo, kwana 90 gare ku ku ɗaura aure, in ba haka ba sai ya fita. A ka'ida ma sai kun nuna kun haɗu ido da ido cikin shekara biyu kafin a shigar da takardun. Ingila ma tana da irin tata, wata shida suke bayarwa. Abin da ya sa na kawo wannan, a saman fom ɗin hukumar ba ta zaɓi ɗaya ba. Sun rubuta fiancé, sai suka maƙala e ta biyu cikin baka biyu, don ya ɗauki kowa. Wato ita kanta gwamnati ta san rubutu biyu ne, ba ta kuma yarda ɗaya ya wakilci ɗaya ba.

Amma a titi? Ƙanwata, kar ki ji kunya ko kaɗan. Waɗanda aka haifa cikin harshen suna tafka wannan kuskuren fiye da ke. Akwai wata abokiyar aikina, nan aka haife ta, nan aka haifi kakanta, ta turo mana katin gayyata ta imel tana kiran saurayin nata fiancée da e biyu har sau uku. Mu kusan 20 muka karanta, babu wanda ya ce uffan, kuma na tabbata rabinmu ba su ma lura ba. Ni da na koyi Turanci da bulala ni kaɗai abin ya tsaya wa a rai.

Inda na ga yana da amfani shi ne a takarda, wurin da mai karatu bai san ku ba. Wasiƙar da na haɗa da fom ɗina, sau biyar na karanta ta ina ƙirga e, don jami'in da zai duba bai san ko sunan matata na mace ne ko na namiji ba. A wurinsa wannan harafin da she ɗin da ke biye su ne shaida. Ita ma malamarki ai kin ga abin da ta rubuta, "in dai mai sunan nan namiji ne". Ba ta tabbatar ba, harafin ne ya sa ta tsaya.

Dabarar da na riƙe kuwa ba ta ilimi ba ce: mace ta fi kaya, don haka ita ke da ƙarin e. Matata ba ta son wannan bayanin, amma bai taɓa ba ni kunya ba.

Na Gefe ya amsa:

Ni fa ina ganin ana wahalar da yarinyar nan a kan abin da ya kama hanyar mutuwa. Malam, da girmanka, amma Turanci ya daɗe yana kwashe irin waɗannan. Stewardess ta koma flight attendant. Chairman ya koma chair. Jaridar Guardian ta Ingila actor take rubutawa ga mace da namiji. Ms ta shigo a madadin Miss da Mrs don kar a dinga tallan ko mace tana da aure ko ba ta da shi, har New York Times da ta daɗe tana turjiya ta karɓe ta a 1986. Wa ke cewa authoress ko poetess yau in ba da zolaya ba? Blond da blonde ɗin ma da ka kawo, a Amurka da yawa ba sa rabawa.

Bambancin da kunne ba ya ji, ido kaɗai ke gani, kuma sai idon wanda ya yi Faransanci, yaya za a yi ya daɗe? Zanen aro ai ba ya rufe katara. Yanzu haka mutane da yawa fiance suke rubutawa, babu kara babu ƙarin e, ga kowa da kowa, wasu ma sun koma partner sun huta. Ni a ganina ta rubuta fiance ta wuce wurin. Wanda zai karanta shafin godiya don ya ƙirga wasula ba shi da aikin yi.

Autar Mama ta sake rubutawa:

Kai, na gode ƙwarai. Baba Malam, misalin zaɓaɓɓe da zaɓaɓɓiya ya zauna min daram, da haka aka koya mana tun farko da ban sha jan biro ba. Yaya Baƙon Sanyi, zan riƙe dabararka amma ba zan gaya wa kowa inda na samo ta ba.

Na Gefe, na ji taka, sai dai wadda ke ƙirga wasulan ita ce za ta sa hannu a kundin, kuma ta riga ta ƙirga. Partner kuwa ba zan iya ba. Mahaifina zai karanta shafin nan, shi ne ma shafin da na tabbata zai karanta, in ya ga partner zai tambaye ni ko kasuwanci muka buɗe.

Ga wata sabuwa kuma. Shi mutumin nawa ya ce tunda bikin saura mako bakwai, kuma kundin zai shekara da shekaru a ɗakin karatu, me zai hana in rubuta husband kawai a huta da rigimar e? Na ce masa tukuna. Ko akwai wata kalmar ta asalin Turanci da ba ta da wannan ciwon kai?

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Na Gefe, ban ƙi taka ba gaba ɗaya, harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma mai yiwuwa jikokinmu su ga e ɗin nan ta faɗi. Amma misalanka ba jirgi ɗaya suka hau da wannan ba. Stewardess da authoress sunayen sana'a ne. An yaƙe su ne saboda jinsin mai aiki ba ruwan aikin da shi, kuma ƙarin ess ɗin yana sa a ji kamar ta macen ƙaramar sana'a ce. Su kuwa kalmomin dangantaka babu wanda ya taɓa su: husband da wife, bride da groom, uncle da aunt, widow da widower, duk suna nan da ransu. Fiancé da fiancée a wannan layin suke. Rauninsu ɗaya, wanda ka faɗa kuma gaskiya ne, kunne ba ya raba su.

Sannan ka lura, in an haɗe su, wanne ake ajiyewa? Na namiji. Ka ce ta rubuta fiance don ya ɗauki kowa, amma mai karatun da ya san ƙa'ida namiji zai gani. A wurin Auta wannan ya yi daidai bisa sa'a, tunda namiji take nufi. Shi angon nata da ya rubuta haka a kanta fa?

'Yata, kar ki rubuta husband. Akwai kwanan wata a jikin kundin, ki rubuta abin da yake gaskiya a ranar. Allah ya kai mu lokacin lafiya, amma ba a yi wa gobe rantsuwa.

Gwaggon Yara ta amsa:

Auta, barka da ƙoƙari. Na yi shekara 26 ina aikin fassara da gyaran rubutu kafin idona ya ce ya gaji, bari in amsa miki tambayarki ta ƙarshe, don na ga mazan sun tsaya gardama sun bar ta.

Kalmar asalin Turanci tana nan, betrothed. Ba ta da jinsi, mace da namiji duk ɗaya. A cikinta akwai troth, tsohuwar 'yar uwar truth, wato gaskiya da riƙon alkawari. Kin ga ita ma a kan amana aka gina ta, kamar ta Faransancin da Malam ya warware. Matsalarta tsufa. In kika rubuta "my betrothed" za a ji kamar daga wani tsohon littafi kika fito, ko kuma wasa kike. Akwai intended, ita ma babu jinsi, ita ma ta kwana biyu, yanzu sai a bakin tsofaffi ko cikin raha. Wanda ke raye kuma kowa zai gane shi ne husband-to-be, ko future husband, na mace kuma wife-to-be ko bride-to-be. Waɗannan babu kara, babu ƙirgen e, kuma jinsin a fili yake har a kunne. In ana fassara daga Hausa, su na fi ɗauka, don su suka fi kusa da yadda muke faɗa, mijin da zan aura, matar da zan aura.

Abin da ya fi ba ni wahala a aikin ma ba e ba ne. Mu saurayi da budurwa muke cewa tun daga ranar da aka fara magana har zuwa ɗaurin aure, sai dai a ƙara bayani a ce an yi musu baiko. Turanci kuwa ya yanka abin gida-gida: boyfriend da girlfriend tukuna, in an yi alkawari a koma fiancé da fiancée, ranar biki bride da groom, washegari husband da wife. Na sha ganin an fassara budurwarsa da girlfriend a inda magana ta riga ta yi nisa, Bature ya karanta ya ɗauka abin wasa ne. Na kuma ga akasin haka, yaro ya ga yarinya sau biyu ya fara kiranta fiancée. Wannan kuskuren ya fi na harafi nauyi, amma ba mai ja masa jan biro.

Tunda an taɓo groom, bari in ba ku dariya. Asalinsa brydguma ne a tsohon Turanci, guma kuwa mutum ne, wato mutumin amarya. Da kalmar guma ta mutu mutane suka daina gane ta, sai suka musanya ta da groom da suka sani, yaron gida mai hidima, wanda daga baya ya zama sunan mai kula da dawaki. Har yau kalma ɗaya ce ga ango da ɗan barga. Kuma ku lura, a nan daga sunan mace aka fitar da na namiji, haka ma widower daga widow. A yawancin kalmomin Turanci namiji ne tushe, a ƙara wani abu a samu mace, amma da aka zo aure da takaba sai abin ya juya. Ita kuwa spinster, wadda asalinta mai kaɗi ce, ta daɗe a matsayin sunan da hukuma ke rubuta wa macen da ba ta taɓa aure ba, namiji kuma bachelor. Bachelor ya zauna da mutuncinsa, spinster ta koma kusan zagi. Sai a 2005 aka cire su biyun daga rajistar aure a Ingila da Wales, aka sa single.

Shawarata dai, ki bar fiancé ɗinki da e ɗaya da karansa. Shafin godiya wuri ne na 'yar kwalliya, kuma malamarki ta riga ta nuna miki abin da take so ta gani. A waya ki danne e ki riƙe, zaɓi zai fito. A manhajar Word ta kwamfuta ki danna Ctrl tare da alamar ɗaurin nan ta apostirofi, ki saki, sannan ki buga e. Ko ki riƙe Alt ki buga 0233.

Autar Mama ta rufe da cewa:

Gwaggo, Allah ya ƙara lafiyar ido. Alt da 0233 ya ƙi yi, ashe sai da madannan lambobi na gefe, kwamfutar aron nan kuwa ba ta da su. Ta Ctrl ɗin ce ta yi, a gwaji na huɗu. Na cire e ɗaya, na ɗora kara a kan wadda ta rage, na mayar wa malama da ƙarfe 11 na dare. Da safe ta amsa da kalma ɗaya, ta ce in kai a buga.

Shi kuwa mutumin, na karanta masa bayanin ɗan barga, bai yi dariya ba. Ya koma ya duba amsar da shugabansa ya ba shi kan hutun, wadda a da ya karanta a gurguje don ya ga an amince. A ƙasa mutumin ya taya shi murna, ya ce a gaishe da wanda za a aura, kuma him ya rubuta. Tun ɗazu yake tambayata ko ya tura gyara ko ya bari sai ya kai masa katin biki da hannunsa.